Kana son karanta saikoloji a jami'a? Ga ta inda za ka faro

Ranar da ka faɗa wa ƴan gida saikoloji za ka karanta, shirya wa tambayar nan, "to yanzu kana iya sanin abin da ke raina kenan?" wani kawun ma cewa zai yi likitan mahaukata za ka zama. Duk ba haka ba ne. Ilimin halayyar ɗan Adam ne, yadda yake koyo da mantuwa da tsoro da fushi, kuma da gwaji da lissafi ake yinsa ba duba ba ne, tun 1879 da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig ta Jamus abin ya raba gari da falsafa. Mai rubuta magani shi ne likitan ƙwaƙwalwa, shi kuwa likitanci yake fara karantawa, in farar riga kake so to ka canza layi tun da wuri.

Fara da takardunka. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, Turanci da lissafi a ciki, wasu jami'o'in har bayoloji suke nema. Kafin ka sayi fom ɗin JAMB ka duba da idonka darussan da jami'ar da kake so ta gindaya, don kowacce da nata, kar ka bar yaron shagon kafe ya zaɓa maka. Ƴar maƙwabtanmu makinta ya yi kyau sosai amma haɗin darussan bai dace ba, haka ta ƙara shekara guda cur a gida tana taya uwarta suyar awara.

Sai zaɓen makaranta. Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen saikoloji a Najeriya a 1964, akwai Ibadan da Legas, nan kusa kuma Jos ta daɗe tana yi, ga Keffi ma. Amma lura fa, wani wurin a tsangayar ilimi za ka same shi, kamar ABU Zariya, wannan ya fi karkata ga koyarwa da ba ɗalibai shawara, ba ɗaya yake da na tsangayar kimiyyar zamantakewa ba.

Shekara 4 ne karatun. Aji ɗaya daɗi, labarin karnukan Pavlov da ke zubar da yawu, da manyan masanan fannin su Freud su Piaget, kowa yana jin kansa masani, sai istatistiks, wato lissafin ƙididdiga, ta shigo ido ya raina fata, wallahi nan ne mutane ke kwasar kari-oba saboda da yawa gudun lissafi ne ya kawo su. Kar ka guje shi, ka nemi wanda ya iya ku zauna tun zangon farko, ka koyi SPSS, manhajar da ake wannan lissafin da ita a kwamfuta, kafin aji huɗu, don lokacin furojet kai za ka raba takardun tambayoyi wa mutum ɗari biyu ka tattaro ka lissafa, in ba ka iya ba sai ka biya wani ya yi maka, ranar difens kuma, wato ranar kare aikin gaban malamai, a tambaye ka ka tsaya kana zare ido.

Daga aji uku ya kamata ka san ɓangaren da ka nufa. Akwai na girman yaro daga zanin goyo har tsufa, akwai na zamantakewa, yadda taro ke juya tunanin mutum, akwai na ma'aikata da kamfanoni wanda shi ne ke kai mutum ofishin ɗaukar aiki a banki, da na laifuka mai aiki da kotu da gidan yari, da na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ga mai ƙaunar bayoloji.

Wanda aka fi rububi shi ne na asibiti, kilinikal, kuma nan ne yara ke yaudarar kansu. Digirin farko ba ya ba ka damar ganin mara lafiya, sai ka gama bautar ƙasa ka koma ka yi mastas a fannin, ka yi horo a ƙarƙashin manya a asibitin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Maiduguri, ko Aro ta Abeokuta. Hanyar da nisa amma ni a ganina nan aka fi buƙatar Bahaushe. Ga matasan da kodin da tiramol suka lalata, ga matan da suka tsero daga hannun ƴan bindiga ba sa iya barci, kuma in irin wannan baiwar Allah ta zo wajenka ba za ta ce maka tana da ciwon damuwa ba, cewa za ta yi ƙirjina ya yi nauyi, ko zuciyata ke tafasa, kafin ta zo ma an zaga da ita wajen malamai an sha rubutu an yi ruƙiyya. In ka yi mata dariya ba za ta dawo ba, sai ka saurara tukuna. Yawancin ma'aunan gwajin da za a koya maka da Turanci aka tsara su, ka fara gwada mayar da su Hausa tun kana ɗalibi.

A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ka sauke ta a waya ka karanta. Dogon hutun aji biyu kuma kar ka kashe shi a majalisa, karɓi takarda daga sashenku ka je asibiti ko makarantar masu buƙata ta musamman ka roƙi a bar ka ka zauna kana kallo ko da sati huɗu ne.