Darasi na Shida: Takardar kuɗin fakin ta zo, yaya za ka yi?

Wannan darasin na mutanenmu ne mazauna Ingila, musamman masu tuƙin tasi da masu kai kaya gida-gida don su suka fi shan wannan wahalar. Ka shiga kanti siyayya, ka fito sai ga wata leda mai ruwan ɗorawa manne a gilashin mota. Ko kuma ba ka ga komai ba, bayan kwana goma wasiƙa ta iso gida da hoton motarka tana shiga, ga wani tana fita, wai ka biya fam 100, in ka biya cikin kwana 14 a bar maka a fam 60.

Kafin komai zauna ka karanta kan takardar. Iri biyu ne kuma duk PCN ake ce musu, nan ruɗanin yake. In ka ga kalmar Penalty, ta hukuma ce, tara ce ta gaske kuma hanyarta daban, ba ita muke magana a kai yau ba. In ka ga Parking Charge Notice to kamfani ne mai zaman kansa, bashi yake bin ka. Hujjarsu ita ce allon nan da suka kafa a filin yarjejeniya ce, tunda ka shiga ka ajiye mota ka yarda kenan.

Amma fa kar ka ce tunda ba gwamnati ba ce bari in wurga a shara. Wani mai suna Barry Beavis ya ja da kamfanin ParkingEye kan fam 85, ya ƙara kusan awa ɗaya a kan awa biyu na kyauta a wani filin kantuna a Chelmsford, maganar ta je har Kotun Ƙoli kuma kamfanin ya yi nasara a 2015. Tun daga nan kamfanonin fakin suka samu ƙafar tsayawa.

To ina suka samu adireshinka? Kyamara ce ta ɗauki lambar motar, su kuma suka nemi sunanka a DVLA, wato hukumar rajistar motoci. Dokar 2012 da ta hana su ɗaure tayar mota a fili mai zaman kansa, ita ce kuma ta ba su damar bin mai rajistar motar ko ba shi ya tuƙa ba, amma da sharaɗi. In ba a manna maka komai a gilashi ba, dole wasiƙar ta iso hannunka cikin kwana 14 bayan ranar fakin ɗin. Ɗauko kalanda ka ƙirga da yatsa. In sun makara, direba kawai za su iya bi, kai kuma ba dole ba ne ka gaya musu wa ya tuƙa, shi ya sa in za ka rubuta musu ka ce "ni ne mai rajistar motar" ka tsaya nan, kar ka zuba "na ajiye", "na manta".

In ka san kana da gaskiya kar ka yi gaggawar biya, wanda ya biya galibi ya rufe wa kansa ƙofar ƙorafi. Koma wurin da wayarka ka ɗauki hoton allon, ko bishiya ta rufe shi, ko rubutun ƙanana ne, ko ba fitila da dare. Nemo rasit ɗin siyayyarka. Duba mintuna nawa ka ƙara, don a yawancin wurare akwai rangwamen minti 10 bayan lokacinka ya cika. Kuma wani abu da mutane ke rainawa, shiga kantin ka nemi manaja cikin mutunci ka nuna masa rasit, sau da yawa mai filin yana iya sa kamfanin ya soke, ba ya son ya rasa kwastoma.

Kana da kwana 28 ka aika wa kamfanin ƙorafi a rubuce, ka ajiye kwafi. In sun ƙi, akwai mataki na gaba kuma kyauta ne: masu sauraron ɗaukaka ƙara. Kamfanonin fakin da ke ƙungiyar BPA ana kai su POPLA, na ƙungiyar IPC ana kai su IAS, tambarin ƙungiyar na jikin takardar. Sai dai in ka je can ka faɗi, fam 100 ɗin za ka biya cif.

Daga baya wasiƙun masu karɓar bashi za su fara zuwa da jan rubutu, sun ɗora har fam 70. Kar gabanka ya faɗi, ba su da ikon shiga gidanka ko taɓa kayanka. Wadda ba a wasa da ita ita ce takardar kotu, yawanci daga Northampton take fitowa, kwana 14 gare ka ka amsa. In ka yi shiru a yanke hukunci a bayanka, CCJ kenan, wato hukuncin kotu cewa ana bin ka bashi, in ba ka biya cikin wata ɗaya ba shekara 6 tana manne da sunanka.

Wallahi wannan ya fi damuna. Wani ɗan'uwa a ajinmu ya tashi daga gida bai canza adireshi a takardar motarsa V5C ba, wasiƙu suna ta zuwa tsohon gidan bai sani ba, sai ranar da ya je neman hayar gida da iyalinsa aka duba aka ce akwai hukunci a kansa. Yana zaune yana juya takardar yana cewa shi ko sau ɗaya bai ga komai ba. In karatun Turancin ya maka nauyi, kai wa Citizens Advice, ƙungiyar ba jama'a shawara, su karanta maka, ba sa karɓar ko kwabo.

Aikin gida: yau da dare ɗauko V5C ɗinka, ka kwafe adireshin da ke jiki a littafinka, ka duba ko nan kake kwana. Mai tsohuwar takardar fakin a gida ya zo da ita mako mai zuwa, a rufe suna da lambar mota, mu ƙirga kwanakin tare.