Yadda zaka gane halin ƙatuwar lamba ba tare da kalkuleta ba

Jiya da daddare a Anguwan Rogo, ga sanyin Jos ga NEPA sun ɗauke wuta, waya kuma ba caji, ƙanena mai shirin JAMB ya zo min da 123,456,789 wai Yaya duba min ko firam ce, wato lambar da bata rabuwa sai da 1 da ita kanta. Nace ɗauko biro kawai.

Fara da wutsiya. In lambar ƙarshe 0, 2, 4, 6 ko 8 ce to cika ce, 2 na raba ta. In 0 ko 5 ce, 5 na shiga. Tamu 9 ce a ƙarshe, mara ce, wuce gaba.

Sai ka tara lambobin ɗaya bayan ɗaya: 1+2+3 har zuwa 9 ya bada 45. Tunda 9 na raba 45 ba saura, to tana raba ƙatuwar ma, haka 3. Nan take magana ta ƙare, ba firam bace, ko minti ɗaya bamu yi ba.

Amma wanda nafi so shine na 7 da 11 da 13, kuma ban san me yasa malamai basa koyar da shi ba wallahi. Ka yanka lambar uku-uku daga dama kamar yadda waƙafi ya raba ta, sai ka ɗebe ka tara ka ɗebe haka har ƙarshe: 789-456+123, ya bada 456. Duk wadda ta raba 456 cikin ukun nan to ta raba babbar, wadda bata raba ba bata shiga. Anan ba ko ɗaya. Sirrin dai 7 sau 11 sau 13 shine 1001, shi yasa jifa ɗaya ke kama uku.

Ragowar fa? Raba da 9 ka samu 13,717,421, ita kuma 3607 sau 3803 ce, wannan kam sai da aka kawo wuta muka gano, kar in maka ƙarya.

Inda mutane ke faɗawa rami: don lamba ta tsallake duk gwajin nan ba shine ta zama firam ba. Dole ka gwada duk firam har zuwa lambar da in ka ninka ta da kanta zata kai taka. Ɗauki 2,147,483,647, wato ka jera 2 guda 31 ka ninka su da juna ka cire 1, masu rubuta manhajar kwamfuta sun santa sarai. Ita firam ce da gaske, masanin lissafi Euler ya tabbatar tun 1772, amma kai in zaka bi da hannu sai ka gwada har wajen 46,340. Ƙanena yaji haka ya ajiye biro yace shi dai a dafa shayi.