Kurakuran da ke raunana labarin sabon marubuci a karkara

Kuskuren da ya fi yawa a rubutun matasanmu shi ne gudun gida. Yarinya tana zaune a wani ƙauyen Ringim, ko saurayi a gefen Kura, amma shafin farko na labarin a Dubai yake buɗewa: jarumi ɗan hamshaƙin attajiri, bene hawa uku, masu aiki suna ta zubewa. Marubucin bai taɓa shiga filin jirgi ba, don haka duk abin da zai faɗa aro ne daga fim. Mai karatu kuwa yana ganewa da wuri, domin kowane falo "ya haɗu", kowace mota "ta gani ta faɗa", ba a nuna masa komai da zai riƙe ba.

Gyaran yana kusa. Je ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ta Wudil ranar Juma'a, ka tsaya a kara, ka ji yadda dillali yake lallaɓa mai saniya da mai saye, kowa yana zaton shi ake yi wa aiki. Ga gonar gado da babban wa ya jinginar a ɓoye, sai da aka zo rabo magana ta fito. Ga ɗan ci-rani da ya dawo daga Legas da kuɗin lefe ya tarar an ɗaura auren yarinyar. Ga manomin Kadawa da ya ci bashin taki, tumatir ya nuna wa kowa lokaci ɗaya, kwando ya faɗi warwas. Ga ambaliyar da ke cin gonakin shinkafa a Auyo, a ƙare a ajin firamare da tsohuwa da awakinta. A cikin kowanne akwai mai son wani abu, akwai abin da ya tare masa hanya, labari ke nan. Ba cewa na yi an haramta maka Dubai ba. In ka kai jaruminka can, ka kai shi da idon mutumin garinku, ya riƙa mamakin abin da kai ma za ka yi mamaki.

Sanin wuri kuma yana da nauyinsa. Gero yana riga dawa shigowa gida. Marubucin da ya sa ana yankan dawa a tsakiyar Agusta a labarinsa ya rasa duk manomin da ke karanta shi.

Sai bakin mutane. A labarai da yawa, kaka da jika da dagaci duk murya ɗaya gare su, ta marubucin. Za ka ga matar ƙauye tana kiran mijinta da sunansa na yanka a gaban surukarta, ko uwa tana ambaton sunan ɗanta na fari gatsau, alhali a yawancin gidajenmu "Malam" ake cewa, ko "wannan yaron". Dubi bambancin. Wani zai rubuta: "Na ji haushi ƙwarai da ka sayar da akuyata." Matar da muka sani cewa za ta yi: "Malam, na ga turken nan babu kowa." Ta yi shiru. Faɗan ya fi zafi a haka. Hanyar gwaji ita ce ka karanta wa gwaggonka hirar da baki. Duk inda ta ce "wa yake magana haka?", soke shi.

Wa'azi a tsakiyar labari ma matsala ne. Niyyar mai kyau ce, amma in ka tsayar da labari ka cika shafi biyu da illar auren dole, tsallakewa ake yi. Bar mu mu ga amaryar ta ƙi taɓa tuwon daren farko.

Akwai kuskuren da waya ta kawo: sakin labari shafi-shafi a zauren WhatsApp tun marubuciya ba ta san ƙarshensa ba. Masu karatu su ce a kashe kishiya, a kashe ta. Gobe su ce sun yi kewarta, a ce ashe suma ta yi. Labarin da zai ƙare a babi goma sai ya kai tamanin, jaruma ta yi ciwon mantuwa, a gano ashe 'yar sarki ce. Kafin ki saki shafin farko, rubuta ƙarshen a takarda ko da layi biyar ne, kuma ki riga masu karatu da babi da yawa a ajiye.

Masu jiran ilhami fa? Ƙagaggen labarin Hausa na boko da kiran gasa ya kafu, wadda Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, malamai suka zauna suka rubuta saboda an nema. Yau ma akwai irinta: tun 2016 BBC Hausa take shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata. Wa'adi yana fitar da rubutu fiye da jiran nishaɗi. Da damina ba wanda zai dawo daga noma ya rubuta shafi goma, kada ka ɗora wa kanka. Riƙe ƙaramin littafi a aljihu kana tara maganganun da ka ji a gona da majalisa. In an gama kaka, ka yanka wa kanka lokaci ɗaya, bayan asuba ko bayan isha'i, shafi guda kullum.

Kada waya ta zama ita kaɗai ce ma'ajiyarka. Tana faɗawa ruwa, tana ɓata a wurin mai caji. Duk babin da ka gama, tura wa kanka ta imel ko ka kwafe shi a takarda.

Ƙa'idojin rubutu kuma ba ado ba ne. "Baki" daban, "baƙi" daban. "Kasa" daban, "ƙasa" daban. Manhajar Gboard tana da Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ a ciki, sai ka ƙara ta a saitin harshe. "Shi ne" a rabe ake rubutawa, "yana" a haɗe. "Akan yi" na al'ada ne, "a kan tabarma" na wuri. In ka gama, ajiye rubutun mako biyu kafin ka sake dubawa, sannan ka kai wa malamin Hausa na sakandaren da ke kusa da ku, ka roƙe shi ya bi da jan biro. Abokinka "ya yi daɗi" kawai zai ce.