Yadda za a dasa bishiya a Zariya ta rayu ta tare zafi da ambaliya

Ta ƙofa biyu sauyin yanayi yake shigo wa mutumin Zariya: zafi da ruwa. A watan Maris da Afrilu zafin rana yakan haura digiri 35, wani lokaci ya doshi 40, ɗakin kwano kuma ya riƙe zafin har tsakar dare, tsofaffi da jarirai su fi kowa jin jiki. Ruwan sama da garin ke samu kimanin milimita 1,000 ne a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, amma yadda yake sauka shi ne abin tsoro. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara ɗumi, tana iya ɗaukar ƙarin laima kusan kashi 7 cikin ɗari, don haka idan hadari ya sako sai ya zubar da ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci, ƙasa ta kasa shanyewa, kwata ta cika, katangar ƙasa ta jiƙe daga gindi ta zauna. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, sannan a Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a kan Maiduguri.

Tushen matsalar hayaƙin man fetur ne da iskar gas da kwal da ake ƙonawa a duniya, haɗe da sare dazuzzuka. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na wannan hayaƙi, amma zafin ba ya tambayar wanda ya hura wutar. Abin da ke hannun mai gida shi ne inuwar da ke kan rufinsa da inda ruwan gidansa yake zuwa, kuma bishiya ɗaya da aka raina da kyau tana taɓa duka biyun. Kalmar da za a riƙe ita ce raino. Da yawa daga cikin itatuwan da ake dasawa a taron dashe ba sa ganin damina ta biyu, saboda an ɗauka aikin ya ƙare ranar da aka binne su, alhali ranar ya fara.

A fara da zaɓen wuri kafin zaɓen iri. Yammacin ɗaki ya fi ko'ina amfani, domin ranar la'asar ce ke gasa bango, bangon kuma ya riƙa sakin zafin cikin dare. Akwai dalili na biyu: hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, babbar bishiyar da ke gabashin ɗaki idan ta karye kan kwano za ta faɗo. A ɗaga kai a duba wayar wuta, a kuma tuna inda masai da rijiya da bututun ruwa suke.

Dogon yaro yana da juriya da saurin inuwa, sai dai saiwarsa tana fasa daɓe da ramin masai, saboda haka kada ya kusanci gini ƙasa da mita 6. Mangwaro ma haka, tsakanin ɗaya da ɗaya kuma a bar mita 8 zuwa 10. Ƙaramin gida gwaiba ko lemu ya fi dacewa da shi, mita 3 daga bango ya isa. Zogale na miya ne, inuwarsa ba ta kai ta kawo ba. Itacen turare yana shan ruwa sosai, gara kuma tana son sa yana ƙarami, ba ma ba da shawarar sa shi a tsakar gida ko kusa da rijiya. Rimi, wanda unguwanni irin su Rimin Doko da Rimin Tsiwa suka samo suna daga gare shi, da kuka da tsamiya da maɗaci da ɗorawa, nasu filin makaranta ne da harabar masallaci da maƙabarta da bakin babbar hanya. Masu son shawara kan iri suna da Samaru a kusa, inda cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da tashar binciken dazuzzukan savana suke.

Lokacin dashe daga tsakiyar Yuni ne zuwa ƙarshen Yuli, bayan damina ta zauna. Wanda ya yi gaggawa da ruwan farko na Mayu yakan gamu da ɗan farin da ke biyo baya. Wanda ya bari sai marka ta yi nisa kuwa, ramin zai cika da ruwa ya ruɓar da saiwa, wadda ta tsira ma ba za ta samu lokacin nutsawa ba kafin ruwa ya ɗauke.

A haƙa rami makonni biyu kafin dashe, faɗi santimita 60, tsawo 60, zurfi 60. Ƙasar sama mai duhu a tara ta gefe guda, jar ƙasar ciki wani gefen. Idan an ci karo da marmara, wadda ba ta da wuyar samu a yankin Zariya, a sa diga a fasa ta, in ba haka ba ramin ya zama kamar tukunya: ruwa ya kwanta a ciki, saiwa ta yi ta zagaye ba ta fita. A gauraya ƙasar sama da kwanon sarki biyu na takin shanu ko na awaki wanda ya ruɓe ya huce, a mayar cikin ramin. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.

Ranar dashe a bari sai da yamma. A yanka ledar da reza a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta wargaje ba, domin dashe da leda yana cikin manyan dalilan da ke sa bishiya ta tsumbure shekara da shekaru. A duba gindin: idan saiwa ta nannaɗe saboda daɗewa a leda, a yanke kamar santimita 2 daga ƙasa da wuƙa mai kaifi. A ajiye dashen daidai zurfin da yake a leda, kada a binne wuyansa. Idan mangwaro mai aure ne, wurin auren ya tsaya a saman ƙasa, duk reshen da ya tsiro a ƙarƙashinsa a cire, in an bar shi zai rinjayi auren ya koma ɗan gargajiya. A danne ƙasar da ƙafa a hankali, a yi mata gefe a kewaye mai faɗin mita ɗaya don riƙe ruwa, a zuba jarka guda nan take.

Kariya daga awaki a ranar za a yi ta, ba gobe ba. Akuya tana miƙewa a kan ƙafafun baya, don haka kewayen da bai kai mita ɗaya da rabi ba aikin banza ne. Bulo da aka jera da tazara don iska ta shiga ya fi daɗewa, ragar waya da turaku huɗu ita ma ta yi. Zana da kara suna jawo gara, ga haɗarin wuta a hunturu. A bar saman a buɗe.

Rani biyu na farko su ne jarrabawar. Daga Nuwamba zuwa tsakiyar Mayu a ba ta jarka mai lita 20 sau biyu a mako, a bazara sau uku, da sassafe ko bayan la'asar. Yayyafi kullum ya fi cutarwa, saboda yana koya wa saiwa zama a sama inda rana ke gasa ta, ruwa mai yawa jefi-jefi shi ke jan ta ƙasa. Idan aka lissafa, rani guda kimanin lita 1,300 ne, duro bakwai bai cika ba. Ruwan alwala da na ɗaurayar hatsi da kayan miya duk sun yi, banda mai bilic ko gishiri ko kumfar wanki mai yawa. Wanda ba ya zama a gida ya binne tulun ƙasa har wuya, taku ɗaya daga gindin bishiyar, ya cika shi ya rufe bakin, zai riƙa tsattsafowa a hankali na kwanaki. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewaye don rage bushewa, amma a bar tazarar tafin hannu daga jikin itacen, a barbaɗa toka a wurin. Gara ta fi kama bishiyar da ƙishirwa ta riga ta raunana.

Ruwan kuma yana kan rufin. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, ke nan rufi mai murabba'in mita 100 yana karɓar kusan lita 100,000 a damina, ko an cire asara za a samu wajen 80,000. A haɗa indararo da tanki, a bar ruwan mintunan farko ya zube don ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, a rufe tankin ruf saboda sauro. Tanki mai lita 2,000 da aka cika a Oktoba zai fitar da bishiya ɗaya rani. Rarar a kai ta ramin shanyewa mai zurfin mita ɗaya, cike da fasasshen bulo da duwatsu, aƙalla mita 3 daga bango kuma nesa da masai. Kada a shafe tsakar gida duka da siminti, duk ruwan da ƙasarku ba ta sha ba ƙofar maƙwabci yake tafiya kafin ya gangara kogin Kubanni. Yashe kwata a yi shi a Afrilu, a kuma kwashe dagwalon da ledojin a kai juji, wanda aka tara a bakin kwata ruwan farko ne zai mayar da shi ciki.

Mai gona yana da hanyar da ta fi dashe sauƙi. Kututturan kalgo da kaɗanya da ɗorawa da ake sassabewa kowace shekara saiwarsu tana raye. A zaɓi 20 zuwa 40 a hekta, a kowanne a bar tsiro uku zuwa biyar mafi ƙarfi, a yanke sauran da adda mai kaifi daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage, a ɗaura ƙyalle don masu itace su san da mai shi. Da wannan sassaben zamani manoman Maraɗi da Damagaram suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980. Bayan shekara biyu a rage tsiron zuwa ɗaya ko biyu, rassan da aka cire su tafi murhu, a kuma share ciyawa a gindin kowanne kafin lokacin ƙunar daji.