Kuregen kaka da yadda nake dafa shi

Kurege ma yana da lokacinsa. Wanda aka kama da kaka, bayan ya sha tonon gyaɗar mutane a gonakin Tibiri da Madarunfa, shi ne mai ɗan kitse. Na bazara duk jijiya ne, kada ka ɓata itacenka a kansa.

Kafin wuta, ka san yadda ya mutu. In yara suka kawo maka, tambaye su ko da ransa aka yanka shi da bisimilla. Wanda aka tarar a mace cikin tarko mushe ne. Ga kuma manoman da ke zuba maganin ɓera a bakin rami, don haka wanda aka tsinta kwance a gona, ko yana sauran numfashi, ni ba na taɓa shi.

Wasu na feɗewa. Ni babbaka nake yi, don daɗin yana cikin fata. Ka hura wutar karan gero, ka riƙa juya shi har gashin ya ƙone ƙurmus, ƙuma da kaskar da ke jikinsa su tafi tare, sannan ka kankare da wuƙa. Ka tsaga cikin a hankali, ka zubar da hanji, ka kula da matsarmama: in ta fashe, ɗaci ya gama da naman. A wanke da ruwan tsamiya ko lemun tsami, ƙarni zai ragu.

Yanzu ga inda mutane ke ɓata shi: su ɗora shi kan garwashi kai tsaye, su yi ta tauna kamar jijiyar tsohon raƙumi. Dabba ce mai gudu, namanta tauri gare shi. Sai an sulala tukuna. Ka raba shi huɗu, ka sa a tukunya da albasa, citta, tafarnuwa, kanumfari, masoro da gishiri, ruwa ya ɗan rufe shi, wuta kaɗan-kaɗan, minti 45 zuwa awa guda. Tsoho ya fi haka. Gwaggona takan jefa ƴar kanwa don ya yi saurin nuna, amma a bakina tana kashe ɗanɗano. Abin dubawa shi ne cinya: in nama ya fara sakin ƙashi, babu ja a ciki, ya yi. Naman daji ba a ci masa rabin dahuwa.

Daga nan ka tsame, ka soya da man gyaɗa na gida har ya yi ja, ka barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli tun yana da zafi. Romon kuwa kada a zubar. A sa masa daddawa da tattasai, a kaɗa kuka, a ci da tuwon gero.

Babban kurege da wuya ya wuce kilo 1 tun ba a gyara shi ba, saboda haka in gidan da yawa, a nemo uku ko huɗu, in ba haka ba yara su yi faɗa a kan cinya.