Yadda za ka gwada jita-jitar sararin samaniya da idonka da ƙaramin madubin hangen nesa

Duk bayan 'yan watanni sai an sake yaɗa wani bidiyo. Yau a ce rana ta biyu ta bayyana a sama, gobe a ce wata ƙatuwar duniya mai suna Nibiru ta doso mu ana ɓoye mana, jibi a ce taurari wasu fitilu ne masu rawa kamar a cikin ruwa, ita kuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa (ISS) a ɗaki ake ɗaukar hotonta. Wani ya ce NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta faɗa, wani ya ce NASA maƙaryaciya ce, a yi ta ja-in-ja ba a cimma komai ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin waɗannan maganganu mutum zai iya gwada su da kansa ba tare da ya gaskata kowa ba. Sama a buɗe take, babu gwamnatin da ta isa ta sa mata murfi. Sai dai na sha ganin sababbin shiga sun fita da zumuɗi, sun dawo da hoton da ya ƙara rikita su.

Mataki na ɗaya: rubuta abin da za ka gani kafin ka ɗaga kai

Kada ka fita waje sai ka mayar da zancen ya zama abin da zai iya faɗuwa. Ɗauki littafi ka rubuta: idan maganar gaskiya ce, me zan gani, a wane ɓangaren sama, da ƙarfe nawa, kuma girmansa nawa? Idan ƙarya ce fa, me zan gani? Wanda ya tsallake wannan, duk hasken da ya gani sai ya zame masa hujja.

A ranar 27 ga Agusta 2003 duniyar Mars ta matso kusa da mu, tazarar kilomita kusan miliyan 56. Tun daga lokacin wani saƙo yake dawowa kusan duk Agusta yana cewa za a ga Mars da girman wata. Wannan zance ne mai daɗin gwaji, domin ya ba da rana ya ba da girma. Miƙe hannunka gaba ɗaya: faɗin ɗan ƙaramin yatsanka yana rufe kimanin digiri 1 na sama, dunƙulen hannu digiri 10, cikakken wata kuwa rabin digiri ne kacal. Ka fita a daren, ka nemi wani abu ja mai rabin faɗin ɗan yatsa. Abin da za ka samu, in ma Mars tana sama a lokacin, ɗigo ne. Magana ta ƙare. Zancen da mai shi ya ƙi ba ka rana, ya ƙi nuna wuri, ba abin gwaji ba ne, ka bar masa kayansa.

Mataki na biyu: kayan aiki

Madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu, wanda aka rubuta wa 10x50, da wani abu mai ƙafa uku da za ka ɗaure shi a kai, da littafi, da manhajar Stellarium wadda kyauta ce a kwamfuta. Shi ke nan. Kada ka yi gaggawar sayen dogon madubi mai arha da aka rubuta ninki 500 a jikin kwalinsa, asarar kuɗi ce; ƙafarsa rawa take yi, gilashinsa kuma bai isa wannan ninkin ba. Idan kuɗin ƙafa uku bai samu ba, jingina gwiwar hannunka a kan katanga.

Wani zai ce ai manhajar ma ta masanan da ake zargi ce. Haka ne, kuma shi ya sa take da amfani. Ba gaskata ta za ka yi ba, jarraba ta za ka yi. Ta ce Mushtari (Jupiter) zai kasance a wuri kaza da ƙarfe tara, kai kuma ka je ka duba ko ta yi ƙarya.

Mataki na uku: ka fara tuhumar kyamararka

A nan ne kusan kowa yake faɗuwa, don haka zan daɗe a kai. Kyamarar waya ba ido ba ce. Tana da gilasai da yawa jere a ciki, haske mai ƙarfi yana bugun wannan ya koma ya bugi wancan, sai ya haifi wani ɗigo, sau da yawa kore ko shuɗi, wanda babu shi a sama. Wannan ɗigon shi ne "rana ta biyu" a mafi yawan bidiyon da ake turowa.

Gwaji uku ne, ka yi su duka. Da farko ja layi a kan hoton daga rana zuwa tsakiyar hoto, ka zarce da shi daidai wannan tsawon. Idan layin ya sauka a kan ɗigon, ko daf da shi, na cikin gilashi ne. Sannan ka motsa wayar a hankali: abin da ke sama da gaske yana tsaye a wurinsa idan ka auna shi da bishiya ko rufin gini, na gilashi kuwa yana zamewa ya bi wata hanya dabam. Na ukun shi ne wanda na fi so, domin ba ya barin gardama: matsa har wani gini ya tare ranar kaɗai, ya bar wurin da ɗigon yake a buɗe. Duniya ta gaskiya ba za ta ɓace don ka tare rana ba. Ɗigon gilashi nan take zai mutu.

Akwai kuma wani haske na gaskiya da ido ma yake gani, tabo mai ƙyalli a dama ko hagu da rana, a tsayi ɗaya da ita, wani lokaci duka ɓangarorin biyu. Auna tazararsa. Idan ya kai dunƙulen hannu biyu da ɗan ƙari, wato digiri 22, ƙanƙara ce sirara a cikin gajimare mai nisa take karya hasken. Gajimaren na wucewa shi ma ya tafi.

Kada ka taɓa kallon rana ta cikin madubin hangen nesa, ko na ƙiftawar ido. Makanta ce, kuma ba ta da magani. Tabarau baƙi na kwalliya ba ya kare komai.

Sai maganar taurari masu rawa. Mutum ya zuƙo tauraro da kyamara har iyakarta, ya sami wani faifai mai zagaye yana kaɗawa yana sauya launi, ya ce ga ainihin siffar tauraro da ake ɓoyewa. Abin da ya faru shi ne kyamarar ta kasa daidaita gani a cikin duhu. Ɗigon haske da ba a saita ba yakan buɗe ya ɗauki siffar ƙofar gilashin, iskar da ke tsakaninka da shi kuma ita ce take kaɗa shi. Yi wannan: kashe saitin da kyamara ke yi da kanta, saita da hannu a kan wata har bakin ramukansa su fito tar, kada ka sake taɓawa, sannan ka juya kan tauraron. Zai koma ɗigo. Bayan haka nemi wata fitila mai nisa sosai ka ɓata saitin da gangan. Za ka sami irin faifan nan daga fitilar da ka san ko mece ce. Tauraron Shi'ira (Sirius) shi ya fi ruɗar mutane, saboda shi ne mafi haske da dare, kuma idan yana ƙasa-ƙasa yakan walƙa ja da kore da shuɗi.

Ɗaya ya rage. Idan wani ɗigo yana fitowa a wuri guda a kowane hoto, rufe idon kyamarar ruf ka ɗauki hoton duhu. In yana nan, lalacewa ce a cikin na'urar. Ni dai doka ta ita ce: abin da ban gani da ido ko ta madubi ba, hoton waya kaɗai bai isa in rubuta shi a littafi ba.

Mataki na huɗu: nemi Nibiru da gaske

An ce za ta iso a watan Mayu 2003, aka ɗage zuwa 21 ga Disamba 2012, aka sake ɗagewa zuwa 23 ga Satumba 2017. Kar ka tsaya a nan, gwada da kanka. Duniyar Yuranus ta ninka tamu kusan sau huɗu a faɗi, tana nesa da rana da kilomita kusan biliyan 3, amma madubin 10x50 yana kamo ta. William Herschel, mai sana'ar kiɗa, shi ya gano ta a 1781 da madubin da ya ƙera da hannunsa. To abu mai irin wannan girma da ya rage masa 'yan watanni ya iso mu ai zai fi yawancin taurari haske, kowa zai gan shi.

Za a ce maka tana bayan rana. Rana tana gusawa kimanin digiri 1 kowace rana a tsakanin taurari, don haka ɓangaren saman da take rufewa yau shi ne zai kasance a sarari da tsakar dare bayan wata shida. Rubuta wurin, ka jira. Za a ce sai daga ƙarshen kudancin duniya ake ganin ta. Duk abin da ake gani daga can, masu kallon sama a Ostiraliya da Chile da Afirka ta Kudu suna ganin sa, kuma suna da yawa. Tauraro mai wutsiya na Hale-Bopp a 1995 mutum biyu ne suka gano shi a dare ɗaya, kowa a wurinsa, tun yana can bayan Mushtari, ɗayansu ma da madubin abokinsa.

Hasken da aka fi nuna mini a matsayin Nibiru Zara ce. Ba ta nisa da rana fiye da kimanin digiri 47, sai dai a gan ta bayan faɗuwar rana ko kafin fitowarta. Duba manhaja kafin ka yi shela.

Mataki na biyar: tashar sararin samaniya

Wannan shi ne gwajin da ya fi sauƙi. Tana tafiya a tsayin kilomita kusan 400, tana zagaya duniya cikin minti 90 da ɗan ɗoriya, kuma tun Nuwamba 2000 ba ta rabu da mutane ba. Shafin Heavens-Above zai ba ka minti da kusurwar da za ta ɓullo. Ba ta ƙiftawa kamar jirgi, ba ta da ƙara. Zaɓi daren da aka ce za ta shiga inuwar duniya a tsakiyar sama, ka rubuta lokacin, ka ga yadda take dusashewa a daidai wurin. Idan kana da aboki a nisan kilomita 100, ku duba ta a daƙiƙa ɗaya lokacin da take saman kai, kowa ya rubuta taurarin da ke kusa da ita. Bambancin zai kai wajen digiri 14, daga nan lissafin tsayinta ya fito a hannunku. Jerin fitilu masu bin juna a layi kuwa taurarin ɗan Adam na Starlink ne sababbin harbawa, tun 2019 ake ganin su.

Mataki na shida: siffar duniya

Kafa sanda mai tsawon mita 1 a miƙe, ka tabbatar da miƙewarta da zare mai nauyi a ƙasa, ka auna inuwarta lokacin da ta fi gajarta, ba lallai ƙarfe goma sha biyu na agogo ba. Haka masanin Girka Eratosthenes ya yi fiye da shekara 2,200 da suka wuce, ya sami bambancin digiri 7 da ɗan ƙari tsakanin Iskandariya da Aswan. Amma wuri biyu ba su isa ba, mai cewa duniya shimfiɗe take zai ce rana ce ƙarama a kusa. Ku zama uku, a jere daga arewa zuwa kudu, nesa da juna sosai. A wajen 21 ga Maris, idan ka yi lissafi da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wanda ke kilomita 5,000 daga layin tsakiyar duniya zai sami tsayin rana kilomita 5,000, wanda ke 3,330 zai sami kusan 5,800, wanda ke 6,670 ya sami kusan 3,850. Rana ɗaya, tsayi uku. A kan dunƙulalliyar duniya kuwa kowane kilomita 111 yana ƙara digiri 1, lissafin ya zauna.

Huda kwali da allura ka bar hasken rana ya faɗa kan farar takarda a nisan mita 2, takardar tana fuskantar ranar sosai. Faɗin hasken zai kusa santimita 2 da hantsi, haka da tsakar rana, haka da la'asar. Da nisa rana take yi har ta ɓace, kamar yadda masu cewa duniya shimfiɗe take suke faɗa, da ta ƙanƙance. Ranar husufin wata kuma duba bakin inuwar duniya a kan watan, kullum a lanƙwashe take.

Mataki na bakwai: san iyakar kayanka

Ba za ka ga tutar da 'yan sama jannatin Amurka na shirin Apollo suka kafa a kan wata ba. Wata yana nisan kilomita 384,400, ko madubin Hubble mai faɗin mita 2.4 ba ya bambance abin da bai kai wajen mita 90 ba a can. Rashin ganin tutar bai tabbatar da komai ba, ko ta nan ko ta can. Abin da za ka iya gwadawa shi ne zancen cewa saukar mutum a kan wata ƙarya ce tunda babu taurari a hotunan 1969. Rage hasken kyamararka har ramukan wata su fito, ka ƙirga taurarin da suka rage a hoton. Sannan ka buɗe ta har taurari su bayyana, ka duba abin da ya sami watan. Ajiye hotunan biyu tare, ka rubuta kwanan wata da lokaci da saitin da ka yi amfani da shi a ƙarƙashin kowanne, domin wanda ka tura wa ya iya maimaitawa da tasa kyamarar.