Darasi na Tara: Ciwon da Ido Ba Ya Gani

Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, har zuwa hare-haren 'yan bindiga a Zamfara, Katsina da Sakkwato, mutane da yawa sun sha harbi ko sara, Allah Ya sa da sauran kwanansu. An ɗinke rauni, an sallame su, amma wasu sun koma gida da ciwo a zuciya.

Akwai wani magidanci a unguwarmu da aka harba a cinya. Ƙafa ta warke har ya koma gona. Amma ko ƙyaure yaro ya buga da ƙarfi, sai ya zabura, zufa ta keto masa. Da dare ba barci, yana runtsawa sai ranar ta dawo masa sabuwa fil. Ya daina bin hanyar da abin ya faru. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce ragwanci ne. Wannan magana ta yi mini ciwo, domin firgici ne kawai, kuma yana kama jarumi ma.

Idan kana da irin wannan mutum a gida, kada ka ce masa, "Ka manta, ai ya wuce." Zauna kusa da shi. In ya so magana, saurara. In bai so ba, kada ka matsa. A riƙa jan sa zuwa masallaci ko coci, da majalisa, da ƙananan ayyukan da ya saba. Idan gabansa ya faɗi, ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sauke a hankali yana ƙirga shida, har sau goma. A nesanta shi da tiramadol da kodin, domin suna ƙara dagula lamari.

Idan an haura wata guda abin bai lafa ba, ko ya fara zancen kashe kansa, a kai shi asibiti ba jinkiri, ana addu'a ana magani. Akwai asibitocin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Maiduguri, da Barnawa a Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Aiki: Ɗauki littafinka, ka rubuta sunayen mutum biyu da za ka iya faɗa wa damuwarka, da sunan asibitin da ya fi kusa da garinku.